Goron Albishir

Duk wanda aka haifa a Tsamiyar Kawu daga shekarar samun mulkin kai zuwa bayan babban fari, Hansai ce ta yanke masa cibiya. Ƙauyen yana gefen hanyar Gaya zuwa Ajingi, gida bai fi sittin ba, manoman gero da gyaɗa, sai Fulanin da suka ajiye sanda suka ɗauki fartanya. Masallaci ɗaya, rijiya biyu. Kirista kuwa ɗaya ce tak, Hansai, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba.

Bamagujiya ce, haihuwar wani gidan noma a kudancin Kano. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, muryarta kamar ta namiji, ba a kuma taɓa zarginta da kyau ba. Tana da shekara uku a ɗakin mijinta Kabo kuturta ta fito masa. 'Yan'uwansa suka ware masa ƙwarya, suka kafa masa bukka a bayan gida. Ita kuwa ta ɗaure kayanta ta bi shi asibitin kutare na mishan kusa da Kano, suka yi shekara shida a can. Shi ya baro yatsu uku ya dawo da addini. Ita ta koyi karatu gwargwado, ta koyi aikin ungozoma irin na asibiti: a wanke hannu har gwiwa, a tafasa reza da zare, ba a yankan gishiri, in haihuwa ta fi ƙarfinka kada ka tsaya gardama, a nemi mota. Rana ɗaya aka yi musu baftisma. Aka raɗa mata Rifkatu, amma sunan bai bi ta ba. Allah bai ba su haihuwa ba.

Mishan ta turo su Tsamiyar Kawu domin Kabo ya riƙa raba ƙwayar kuturta mako-mako a gindin tsamiya. Kafin ya buɗe gwangwanin sai ya yi wa'azi. Masu ciwo su yi tsit, tunda ƙwayar tana hannunsa, su haɗiya, su ce Allah ya saka da alheri, su wuce masallaci. Shekara huɗu yana yi, bai sami ko mutum ɗaya ba. Mai jiran magani ba saurare yake yi ba, jira yake yi. Kabo bai taɓa gane wannan ba.

A damina ta huɗu kububuwa ta sare shi a gonar gyaɗa. Kwana biyu jini yana tsattsafo masa ta dasashi. Kafin bakinsa ya rufe ya kama hannunta da guntayen yatsunsa ya ce, "Hansai, ni iyakata waje. Ke ce mai shiga inda namiji ba ya shiga. Kada ki bari matan nan su ce ba a faɗa musu ba."

Ta ce, "To."

Ba a kai shi maƙabartar gari ba. Mai Unguwa Tukur ya yanki kusurwar gonar ya tura samari suka haƙa. Tukur dogon Bafulatani ne mara yawan magana, wanda in ya faɗi abu sau ɗaya ba ya maimaitawa. Da aka yi kwana arba'in ya sa aka kira ta. Ta durƙusa a bakin zaure.

Ya ce, "Matar Kabo, na ji 'yan mishan sun ce ki koma. Tun zuwanki jarirai sun daina sandarewa kafin suna. Mata sun ce kada ki tafi. Ɗaki naki ne, gona taki ce. Amma hannunki muke so, ba bakinki ba. Abin da mijinki yake faɗa a gindin tsamiya, maza yake faɗa wa, kowa da hankalinsa a jikinsa. Cikin gida kuwa amana ne. Macen da ke kan gwiwa ba ta iya ce wa ungozoma a'a." Ya zaro goro daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. "In kin yarda, ga goro."

Hansai ta dubi goron. Gidan iyayenta ya riga ya watse, rabi sun musulunta a wannan shekarar, rabi sun yi gaba neman gona. Ta ce a ranta, in na tafi babu kowa, in na zauna watakila wata rana ƙofa ta buɗe. Ta miƙa hannu biyu ta ɗauka. Ta haka ta wayi gari da alkawari biyu, ɗaya ga matacce, ɗaya ga rayayye, kuma ba sa zama a ƙwarya ɗaya.

Abin da ya fi cin ranta kalma ce. Aikin ungozoma ba ya ƙarewa sai ta fito zaure ta tsaya a gaban mai gida ta ce, "Albishirinka!" Shi kuma tun bai ji komai ba zai ce, "Goro!" Ta ce, "Fari ko ja?" Ya ce, "Fari ƙal!" Sannan ta faɗa masa an sami ƙaruwa, uwa da ɗa suna lafiya. To, a ajin baftisma an koya musu cewa bishara da albishir uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, labari mai daɗi ne wanda ba a zama a kansa. Ga ta tana yawon albishir gida-gida, ana cika mata hannu da goro, amma labarin da aka aiko ta da shi yana ɗaure a bakinta. Ita ko cin goron ma ba ta yi. Barira take miƙa wa ta kan danga.

Barira ƙanwar Tukur ce. Mijinta ya rasu, ta dawo gidan wanta da ɗanta Bubayero, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Dangar kara ce kawai tsakaninta da Hansai. Lokacin da matan gari suke ƙyamar kwanon gidan kuturu, ita ce ta fara tsoma hannu a ciki, a gaban kowa, har da lashe yatsa. Kullum da safe sai ta leƙo.

"Bamagujiya, kin tashi, ko yau ma Lahadin ce ana hutun ganin dama?"

"Na tashi, Bafulatana. Mai alfahari da shanun kakanni, ko akuya babu a turke."

"Miƙo goron jiya. Allah ya ba ki goro ya hana ki sanin daɗinsa."

"Ke kuma ya ba ki baki ya hana ki haƙora. Ungo, sai ki daka."

Da azumi Hansai ce mai yi mata surfe. Da Kirsimeti Hansai takan kira Bubayero ya yanka mata kaza, don Barira ta iya ci. In haihuwa ta zo da gardama, Barira ce mai riƙe kafaɗa tana tofa addu'arta a fili, Hansai tana yin tata a ciki. Ba su taɓa yin zancen addini ba, ko sau ɗaya.

Duk bayan wata uku ko huɗu wani mai bishara, Malam Maiwada, yakan zo a kan keke daga wajen Wudil. Shi ke zagaya tsirarun masu bi da ke warwatse a ƙasar. Su yi sujada su biyu, ƙofa a buɗe, kaji suna shiga suna fita. Daga nan sai tambayar da take jira.

"Mama Rifkatu, wa kika faɗa wa?"

"Na yanke cibiya goma sha ɗaya."

"Ban tambayi cibiya ba. Wanda ya ga wuta ta kama rufin maƙwabcinsa, maƙwabcin yana barci, ya yi shiru don kunya, ranar tambaya wa za a tambaya?"

Ta ba shi labarin goron Tukur. Ya ce, "Goro ya fi umarnin Ubangiji?"

"Bai fi ba. Amma na karɓa."

"Ki faɗa a hankali mana, ke da mace a ɗaka. Wa zai sani?"

"Malam, labarin da aka fara shi da cin amana, wa zai yarda mai daɗi ne?"

Maiwada ba mugu ba ne. Abin da yake faɗa ya gaskata shi har zuciya, ya kuma sha jifa a kansa. Matsalar ita ce Hansai ma ta gaskata. Da ba ta gaskata ba da ta yi zamanta lafiya. Ta yarda cewa wanda ya mutu bai san Mai Ceto ba ya hallaka, ta kuma yarda cewa ita za a tambaya. Duk matar da ta mutu a garin, Hansai takan tsaya a bayan danga tana jin kukan, tana cewa a ranta, wannan ma ta wuce ban faɗa mata ba. Haka ta yi shekara goma.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, bayan an cire gyaɗa, cikin Barira ya fara kumbura, idonta ya yi ruwan ɗorawa. Bubayero ya sa ta a motar gyaɗa ya kai ta asibiti a Kano. Kwana tara aka sallame su, aka ce a kai ta gida a ba ta abin da take so. Hansai ta yi shekara shida a asibiti, ta san fassarar wannan magana. Ita ta karɓi jinyar: wanka, juyi, kunu da ludayi, wankin zane. Tana murza mata ƙafa tana lissafin kwanaki, ta ga ba su kai wata ba. Sauran matan da suka wuce, ta iya ce wa kanta ba ta sami hanya ba. Wannan kuwa kullum kanta yana bisa cinyarta.

Ran kasuwar Ajingi ta taka da ƙafa ta zaɓo farin goro babba. Washegari da hantsi ta sami Tukur shi kaɗai a zaure yana gyaran igiya. Ta durƙusa inda ta durƙusa shekara goma da suka wuce, ta ajiye goron a kan tabarma.

"Allah ya taimaki Mai Unguwa, na kawo maka goronka."

"Wane goro?"

"Na bayan mutuwar Kabo."

Ya ajiye igiyar. Can ya ce, "Barira ce."

"Ita ce."

"Macen da ke kwance da wadda ke kan gwiwa duk ɗaya ne, Ungozoma. Ke ke ba ta ruwa. Ta yaya za ta ce miki a'a?"

"Barira ko a kabari take za ta iya cewa a'a. Ka fi ni saninta."

Gefen bakinsa ya motsa, amma bai yi dariya ba. "Da kin shiga kin faɗa abinki a ɓoye, da ban sani ba."

"Da ni na sani."

"In kika buɗe baki a cikin gidan nan, ba gidan da zai ƙara buɗe miki ƙofa, ni kuma ba zan tare miki ba, don ni na ɗaukar wa mutane alkawari a kanki. Tashi za ki yi."

"Na sani."

"Hajara matar Bubayero cikinta wata bakwai. Kin sa wannan a lissafinki?"

Ta sa, kuma shi ne abin da ya hana ta cin abinci kwana uku. Ta ce, "Na koya wa matan gidanka tafasa reza. Ba tsafi ba ne."

"Reza ce kawai aikin?"

Ya ƙara da cewa, "Ban ba ki izini ba. Ban kuma ɗaure miki ƙafa ba. In ta ce ki yi shiru, ki yi shiru." Ya koma kan igiyarsa. Goron yana nan a kan tabarma, bai taɓa shi ba.

Bayan azahar ta shiga ɗakin Barira. Mata suna tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, Hajara tana zaune a dokin ƙofa tana fifita. Shekara goma Hansai tana shirya yadda za ta fara, tana nome gona tana jera kalmomi. Da ta zauna a bakin gadon sai duk suka watse. Abin da ya fito daga bakinta shi ne abin da bakin ya saba.

"Barira, albishirinki."

Barira ko ido ba ta buɗe ba ta ce, "Goro."

"Fari ko ja?"

"Fari mana. Wa ya haihu?"

"An haihu, amma da daɗewa."

Daidai nan aka ƙwala wa Hajara kira, tukunya tana zuba, ta tashi ta fita.

Hansai ba ta iya wa'azi ba, gaskiya ke nan. Ta fara da gicciye, ta koma kan haihuwa, ta shiga labarin yatsun Kabo, ta ce Yesu Almasihu yana taɓa kutare da hannunsa ba ya ƙyama, ta manta inda ta tsaya. Ta ce zunubin mutum kaya ne da ba ya iya saukewa da kansa, shi ne ya ɗauka, ya mutu, ya tashi a rana ta uku, duk wanda ya dogara gare shi ba zai hallaka ba. Ta ce, "Ina tsoro ne, Barira. Ina tsoron ki tafi inda ba zan same ki ba." Gumi yana bin wuyanta kamar ta yi daka.

Barira ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Sannan ta buɗe ido.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Sannu da sauka. Shekara goma kina ɗauke da wannan kamar tsohon ciki, kina tsammani ba na gani. Duk ran da mai keken nan ya zo sai ki kwana uku ba ki ɗora tukunya ba." Ta nemi ruwa, Hansai ta ɗaga mata kai ta kurɓa. "Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na san shi tun ina riƙe da allo. Ina girmama shi. Amma inda kika kai shi ba zan bi ki ba. A kan addinina zan mutu, ba don na gada ba kawai, don na yarda. Kin ji da kyau?"

"Na ji."

"Ke kina zaton ke kaɗai ce mai wannan ciwon? Salla nawa na yi ina roƙa miki shiriya? Har aike na yi wa Liman, na ce shirun da nake yi wa maƙwabciyata laifi ne? Ya ce in faɗa miki. Na zo bakin danga ya fi sau goma, sai in ce miƙo goro. Kin fi ni ƙarfin hali, Bamagujiya, ko kuwa kin fi ni rashin kunya."

"To, faɗa mini yanzu."

Barira ta ɗaga yatsa ta faɗi kalmar shahada tiryan-tiryan, ba gargada. Ta ce, "Ita ke nan, ba ta da tsawo. Ki faɗa, in tafi da sanyin zuciya."

Hansai ta ce, "Na ji. Ni ma ba zan bi ki ba."

"Taurin kai dai. To, kowa ya sauke nasa." Ta mai da numfashi. Hajara ta dawo bakin ƙofa. Barira ta ce, "Ke Hajara, buɗe kwallar can ki ɗauko goro, fari, ki ba ta. Na ce goro, ba a cewa goro a hana."

Hajara ta ɗauko ta bayar, Hansai ta ƙulle shi a bakin zanenta. Farkon maganar Hajara ta ji, da ƙarshenta, sai ɗan sunan Yesu da ya ratso ta taga. Ba da mugunta ba ta faɗa wa matan tsakar gida cewa Ungozoma ta yi wa Inna albishir irin na mishan, Inna kuma ta ba da goro. A Tsamiyar Kawu kuwa ba a taɓa ba da goro a kan labarin da ba a yi murna da shi ba. Kafin la'asar magana ta kai rijiya. Washegari ta kai kasuwar Gaya, ta ƙara ƙiba a hanya: ƙanwar Mai Unguwa ta karɓi bishara.

Da Barira tana da baki da kalma ɗaya ta kashe zancen. Amma da asubar nan bakinta ya rufe, ba ta ƙara gane kowa ba. Bubayero ya tsaya a ƙofa ya ce in Hansai ta ƙara tako gidan zai karya mata ƙafa. Ta bayan danga ta ji sauran kwana biyun. A rana ta uku da hantsi ta ji salati ya tashi.

Ba a jima ba sai ga Malam Maiwada ya jingine keke, fuska tana walƙiya, ƙafar wando duk ƙaya. Labarin ya riske shi a Gaya.

"Mama Rifkatu! Ashe gonar ta yi tsiro! Shekara goma sha huɗu, ga nunan fari. Da Kabo yana raye!"

Hansai tana zaune a kan turmi. Ta ga abin da ake miƙo mata sarai. Ba sai ta yi ƙarya ba, ta yi shiru kawai. Za a faɗi sunanta a majami'a, mata su yi waƙa, a ce wahalar Kabo ba ta tafi a banza ba. Ita ma watakila da daɗewa ta yarda haka aka yi.

Ta ce, "Ba ta karɓa ba, Malam."

"An ce ta ba da goro. Wa ya san zuciya? Watakila tsoron dangi ne ya sa…"

"Zuciya ta Allah ce. Ni abin da kunnena ya ji na sani."

Ta leƙa ta danga. Ruwan wankan gawa yana kan wuta ya tafasa har ya fara ƙonewa, tsofaffin da ke yin wankan suna zaune sun naɗe hannu, suna jiran abin da maza za su yanke. Ta ɗaure zane ta fita.

Zauren Tukur ya cika har waje. Liman yana cewa zato ba ya fitar da mutum daga Musulunci, wasu suna cewa wannan ya wuce zato, da ido aka ga goro. Bubayero yana tsugune a gefe, kansa cikin gwiwa. Hansai ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Allah gafarta Malam, ina da shaida."

Wani daga baya ya ce, "Yau kuma shaidar arniya za mu ji? Ita da ta ɓata?"

Tukur ya ɗago. "Matar nan da rana tsaka ta mayar mini da gorona, alhali tana iya cin amanata a ɓoye. A saurare ta."

Ta ce, "Ni na yi magana, ba ta tambaye ni ba. Na faɗa mata addinina duka, ban rage komai ba. Ta saurara, ta ƙi. Ta ce a kan Musulunci za ta mutu, don ta yarda da shi. Ta kira ni in bi nata. Ta ɗaga yatsa ta yi kalmar shahada a gabana, kuma ita ce kusan maganarta ta ƙarshe."

Mai maganar ɗazu ya ce, "Maimaita mana mu ji, in da gaske ne."

"Kun fi ni saninta. Ba zan faɗa ba, kada gobe ni ma a ce na karɓa."

Wani tsoho ya yi tari don ya ɓoye dariya. Liman ya ce, "Goron fa?"

"Na ce albishirinki, ta ce goro, tun ba ta san labarin ba. Haka kowannenku ya yi mini a ƙofar gidansa. Kai, Allah gafarta Malam, sau shida. A cikinku wa ya taɓa jira ya ji kafin ya ce goro? Ta ce goro, ta cika alkawari. Barira ce fa."

Liman ya shafa gemu ya dubi Tukur, sannan ya ce, "A gaya wa mata su yi mata wanka."

Aka sallace ta bayan azahar, sahu har bakin hanya. Maiwada ya tura kekensa ta bayan gari, bai hau ba sai da ya yi nisa.

Shaidar ba ta sayo wa Hansai komai ba. Ta wanke Barira daga zargi, ita kuwa ta tabbatar da bakinta cewa ta yi wa'azi a cikin gida. Bayan sadakar bakwai, ran kasuwar Ajingi, ta ɗora akwatinta da tukunyar tafasa reza a kan jaki. Tukur bai ce ta zauna ba, ita ma ba ta roƙa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, muddin yana raye garma ba za ta bi ta kan Kabo ba. Wasu mata suka leƙo ta danga, ba wadda ta fito. Bubayero bai ƙara yi mata magana ba har abada.

Bayan wata biyu Hajara ta durƙusa. Ɗan ya zo da ƙafa. An tafasa reza kamar yadda aka koya, amma reza ba ta juya ɗa. Uwar ta tashi, ɗan bai zo da rai ba. Ko da Hansai tana nan zai rayu? Ba wanda ya sani. Labarin ya iske ta, ta ɗora shi a kanta, ba ta sauke ba.

Ta ƙarasa kwanakinta a wani ɗaki bayan majami'a a gefen Kano, tana taimakawa a ɗakin shan magani. Maiwada yakan ce mata, "Kin sauke nauyinki, Mama. Namu faɗa ne, tsiro na Ubangiji ne." Takan ce, "Na sauke ɗaya na ɗauki biyu." Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa cewa ta sami salama ba. In matan zumuntar majami'a suka ce ta tashi ta ba da shaidar aikinta a ƙasar Gaya, sai ta miƙe ta ce, "Mutum ɗaya na yi wa wa'azi, ta ƙi." Ta zauna. Daga baya suka daina kiranta. Tana yi wa Barira addu'a har ta mutu, ko da yake an gaya mata addu'a ba ta riskar matacce.

Ta rasu shekara biyar bayan barinta Tsamiyar Kawu. Matan da suka shirya ta suka sami wani ƙulli a bakin tsohon zanenta, suka kwance. Busasshen goro ne ya ƙanƙance kamar tsakuwa, ba a gane fari ne ko ja. Ba su san na mene ne ba, suka jefar.